Aikin Sa-Kai a Makarantun Firamare na Karkara: Abin da Yake Iya Ɗauka da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi hidimar da mutanen gari suke yi wa makarantun firamare na karkara ba don albashi ba, a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar. Hidimar ta haɗa da fito da yara daga gida, gyaran azuzuwa, lura da zuwan malamai, har da koyarwar ita kanta. Takardar ta dogara da abin da ake gani a makarantun da kuma sakamakon wasu bincike da aka gudanar a Nijar da Indiya. Matsayarta ita ce, sa-kai yana da ƙarfi a kan ƙananan ayyukan da ake maimaitawa kullum, waɗanda mai yin su yake ganin amfaninsu da idonsa, amma yana gazawa idan aka jibga masa nauyin da yake na hukuma, musamman riƙe aji shekara da shekaru babu albashi.

Gabatarwa



An saba buɗe zancen ilimin firamare da alƙaluma. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, sannan a 2022 hukumar UNESCO ta fitar da ƙiyasin da ya kai kusan miliyan 20, bayan ta faɗaɗa shekarun yaran da take ƙirgawa. Kowa ya san mafi yawan waɗannan yara 'yan Arewa ne, kuma a ƙauyuka suke. Ni dai a yau ina so in karkata ga yaran da suke zuwa, da mutanen da suke sa su zuwa, waɗanda sunansu ba ya cikin takardar albashin kowace ƙaramar hukuma.

A kan takarda, nauyin makarantar firamare yana wuyan hukuma. An yi shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, aka ƙaddamar da magajinsa UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Dokar ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, da sharaɗin jiha ba za ta karɓi rabonta na gine-gine ba sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Manufar ilimi ta ƙasa kuma ta ce malami ɗaya ga yara 35, kuma mafi ƙarancin shaidar malanta ita ce NCE. Wanda ya taɓa shiga makarantar ƙauye mai aji shida da malami biyu ya san tazarar da ke tsakanin wannan magana da abin da ke ƙasa. Cikin wannan tazara masu aikin sa-kai suke yini.

Su wane ne masu aikin?

Ana iya kasa su uku, ko da yake a ƙauye mutum ɗaya yakan sa hula biyu. Akwai 'yan kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa a kowace makaranta tun tsakiyar shekarun 2000. A cikinsa akwai hedimasta, wakilin mai gari, liman, wakilan mata, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai da yara biyu daga makarantar. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida da suka haɗa da Kano da Kaduna da Jigawa, ya yi aiki sosai wajen farfaɗo da waɗannan kwamitoci. Takwaransa a Nijar shi ne COGES, wanda hukumar JICA ta Japan ta fara tallafa wa a jihar Tawa a 2004, inda ta dage a riƙa zaɓen shugabanninsa da ƙuri'ar asiri maimakon mai gari ya nuna wanda yake so.

Sai ƙungiyoyin iyaye mata, waɗanda suka yi ƙarfi a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da aka fi sani da GEP, a Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato da Zamfara, daga baya Kano ta shigo. Na uku su ne matasan gari masu takardar sakandare ko NCE da suke shiga aji su koyar, waɗanda ake kira malaman sa-kai ko malaman PTA.

Akwai kuma baƙi, amma ba zan daɗe a kansu ba. 'Yan hidimar ƙasa, tun da aka kafa shirin a 1973, shekara ɗaya suke yi su tafi, kuma da yawansu ba sa jin harshen yaron aji ɗaya. Amurkawan Peace Corps sun yi aiki a Nijar daga 1962 har watan Janairun 2011, lokacin da aka kwashe su saboda tsaro. Sun yi abin da za su iya, amma makarantar tana nan bayan tafiyarsu, kuma mutanen gari ne suka ci gaba da buɗe ta.

Yadda yini yake tafiya

Aikin yana farawa kafin a kaɗa ƙararrawa. Matar da ke cikin ƙungiyar iyaye mata, bayan ta sauke kunun gidanta, za ta ja mayafi ta bi gidajen da hedimasta ya ba ta sunayen yaransu jiya. Fifikonta a kan hedimasta guda ɗaya ne, amma babba: shi iyakarsa zaure, ita kuwa har ƙuryar ɗaki. Kuma a tsakar gida ake jin ainihin dalili. "Wa zai kai mini tallar?" "Rigar makarantar ta yage, kunya take ji." "Babanta ne ya ce ta zauna." Mai hikima cikin waɗannan mata ba ta buɗe baki da wa'azin amfanin ilimi, don uwar ta sha jin sa a rediyo. Ciniki take yi da ita. Ta san kuɗin tallar nan da shi ake tara wa yarinyar kayan ɗaki, saboda haka ba za ta ce a bari ba. Za ta ce, "Yaya, ki bar ta ta je da safe, in an tashi da azahar sai ta ɗauki farantin. Ranar kasuwa kuma ni zan yi wa malam bayani." Idan riga ce matsalar, akwai ɗan asusun da matan suke zubawa, a sayi yadi a kai wa tela. Idan maigida ne, ba ta tunkararsa, sai ta bi ta wajen liman ko mai unguwa.

Na tsaya a kan wannan don a nan ne ake samun abin da babu ma'aikacin da za a turo daga birni ya yi shi. Jarin matar nan shi ne sanin gidan, da kunyar da ake ji mata, da kasancewar gobe ma za ta dawo. Yarinyar da ta yi fashin kwana uku ana iya dawo da ita da magana ɗaya. Wadda ta yi wata uku kuwa, sau da yawa an riga an fara zancen aurenta. Shi ya sa yawan zagayen ya fi muhimmanci a kan tsawonsa.

Ɗan kwamiti shi ma yana da nasa. A hanyarsa ta zuwa gona yakan ratsa ta makaranta ya gaisa, kuma cikin gaisuwar yake ƙirga baburan da ke ƙarƙashin bishiya. Malaman da aka turo yawanci a hedikwatar ƙaramar hukuma suke zaune, suna zuwa suna komawa. Litinin a makara, Juma'a rabin yini, ƙarshen wata a tafi banki, wani makon kuma a ce ana tantance ma'aikata. In damina ta yi ƙarfi, rafi ya kawo, sai a yi kwanaki ba a ga kowa ba. Abin da ɗan kwamiti yake iya yi shi ne ya yi magana cikin ladabi, in abin ya yi yawa a rubuta wa sakataren ilimi takarda. Ba shi da ikon yanke albashi ko canza wa malami wuri, kuma malamin ya san haka.

Gyaran gini shi ne inda al'adar gayya take fitowa fili, don dama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iskar farkon damina ta yaye kwano, sai mai gari ya sa a yi shela bayan sallar asuba. Kafinta ya zo da guduma, matasa su kwaɓa ƙasa, wani ya kawo azara, wani ya sayi ƙusa, mata su dama fura. A Nijar aikin nan na shekara-shekara ne, domin dubban azuzuwa a ƙasar rumfunan zana da kara ne. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, amma a ƙauyuka da yawa sai an girbe gero an sami kara kafin iyaye su kafa rumfar, ta haka makonni suke zubewa tun ba a fara karatu ba. Rumfunan kuma suna da haɗarin da ba za a manta ba: a Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a wata makaranta a Yamai, a Nuwamban wannan shekarar kuma yara fiye da 20 suka rasu a Maraɗi. Iyayen da suka kafa rumfa sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da ke hannunsu. Ginin bulo da kwano ya fi ƙarfin gayya, aikin baitulmali ne.

Sai malamin sa-kai. Shi ake bai wa aji ɗaya ko aji biyu, inda yara suka fi yawa, wani lokaci su haura ɗari, zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa. A ƙarshen wata, idan iyaye sun haɗa, a ba shi abin da ake kira kuɗin sabulu. Idan ba su haɗa ba, a ba shi haƙuri, da kaka wani ya aiko masa da damin dawa. A ganina wannan rabon aiki a juye yake: ajin da ake koyon baƙi da wasali shi ya fi kowane aji buƙatar ƙwararre, amma shi ake barin wa wanda bai taɓa samun horo ba.

Duk da haka, akwai wani irin karatu da malamin sa-kai yake yi ya kuma yi kyau, wato darasin gyara na awa ɗaya ko biyu. Ga yadda yake gudana. Malamin yana riƙe da kati ɗaya, a jikinsa akwai haruffa, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari, duk da Hausa. Yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta har inda ya tsaya. Daga nan sai ya raba su bisa inda suka tsaya, ba bisa ajinsu ba, ɗan aji biyar da bai san harafi ba ya zauna da ɗan aji uku. 'Yan rukunin haruffa suna zana "ba, bi, bu" a ƙasa da tsinke, suna haɗa "ba" da "ki" su ga "baki" ya fito. Masu lissafi suna ɗaure tsinke goma-goma da zare, su gane dalilin da ya sa ake "ɗaukar ɗaya" a tarawa. Bayan 'yan makonni a sake jarraba su da katin, wanda ya ci gaba a matsar da shi. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da wannan salo, kuma an gwada shi a Kano a shirin KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Littattafan karatu da Hausa ma an samar, irin su "Mu Karanta" a Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara.

Abin da bincike ya nuna

Bincike biyu sun isa a tsaya a kansu, domin dukkansu gwaji ne da aka kwatanta inda aka yi abu da inda ba a yi ba.

Na farko a gundumar Jaunpur ta jihar Uttar Pradesh a Indiya, a ƙauyuka 280. Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Rukmini Banerji da abokan aikinsu ne suka yi shi, aka buga a 2010. A wasu ƙauyukan an tara jama'a an yi musu bayanin kwamitin ilimi na ƙauyensu da haƙƙin da suke da shi. A wasu an ƙara da koya musu yadda za su jarraba yaransu su ga matsayinsu. A rukuni na uku kuma, bayan waɗannan biyu, an horar da matasan gari na 'yan kwanaki don su buɗe ajin karatu bayan an tashi makaranta. Tarurrukan ba su canza zuwan malamai ko ƙwazon kwamitoci ba. Amma yaran da suka halarci ajin matasan nan, karatunsu ya ci gaba a fili.

Na biyu a gida ne, a jihohin Tawa da Damagaram na Nijar. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 an bai wa wasu kwamitocin COGES tallafin kuɗi, kusan dala 2 kan kowane ɗalibi, aka bar wasu don kwatanci. Elizabeth Beasley da Elise Huillery sun bi diddigin sakamakon. Iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, ƙananan yara sun ƙara zama. Sai dai makin yara a jarrabawa bai motsa ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Bayanin da masu binciken suka kawo ya dace da abin da na faɗa a kan ɗan kwamiti: iyaye suna da niyya, amma manomin da bai yi boko ba ba shi da iko a kan malamin da gwamnati ta turo. Wani gwajin da aka yi daga baya a ƙarƙashin shirin JICA ya nuna cewa idan aka haɗa kuɗin da horo, aka nuna wa iyaye sakamakon yaransu ƙarara, aka taimaka musu su tsara darussan ƙari, to a nan makin yana tashi.

Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, idan aka miƙa wa mutumin gari aikin da yake hannunsa, kamar koya wa yara ashirin haɗa baƙi ko dawo da yarinya aji, yana yi. Idan aka ce ya gyara ma'aikacin da ba shi ya ɗauke shi ba, an ba shi aikin da ba a ba shi makaminsa ba.

Inda sa-kai ya koma ƙwadago mai arha

A nan nake so a yi mini uzuri in yi magana kai tsaye. Gwamnatoci sun gano cewa kalmar sa-kai tana rage kashe kuɗi. Nijar ta fara ɗaukar malaman da ta kira masu sa-kai na ilimi a ƙarshen shekarun 1990, a kan kuɗin da bai kai na cikakken malami ba, daga baya suka koma 'yan kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawan malaman firamare a ƙasar. A Nijeriya shirin N-Power na 2016 ya tura matasa azuzuwa da sunan sa-kai a kan naira 30,000 a wata. Jihohi suka bi sahu: S-Power a Katsina, J-Teach a Jigawa, malaman BESDA a Kano. Dole a yaba cewa daga baya waɗannan jihohi sun tabbatar da dubbai daga cikinsu a matsayin cikakkun ma'aikata. Amma wanda ake biya alawus, aka ba shi aji da rajista da jadawali, ma'aikaci ne da aka rage wa haƙƙi, ko da wane suna aka kira shi.

Illar tana sauka a kan yara. Matashin da yake koyarwa yana jiran ranar da za a ɗauke shi, in shekara uku ta wuce shiru, ga aure ga iyali, zai tafi ci-rani ko ya kama acaba, kuma babu mai ganin laifinsa. Ajin ya koma hannun wani sabo, a sake daga farko. Illa ta biyu ta fi ɓoyuwa: makarantar da garinta yake da zuciya, ya toshe gurbin malamai da 'ya'yansa, ita ce ake mantawa da ita wajen rabon malamai, domin a ofis ba a jin kukanta. Wato ƙoƙarin gari ya zama dalilin hana shi haƙƙinsa. Sannan kuɗin sabulun nan daga aljihun talakawan da doka ta ce karatun 'ya'yansu kyauta ne yake fita.

Matsalar tsaro ta ƙara nauyin. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe da Tegina a 2021, da Kuriga a Maris na 2024, malamai da yawa sun ƙi kwana a ƙauye, wasu sun ƙi zuwa ma. Wanda ya rage shi ne ɗan gari, saboda ba shi da inda za shi. A irin waɗannan wurare kwamiti ne yake yanke shawarar a buɗe yau ko a bari, bisa labarin da masu zuwa daji suka kawo. Hukunci ne da rayukan yara suke rataye da shi, kuma bai kamata a bar shi a wuyan manomi da liman su kaɗai ba.

Abin da ya kamata a gyara

Abu na farko shi ne a raba aikin gida biyu a fili. Zagayen iyaye mata, ƙananan gyare-gyare, da darasin gyara na awa ɗaya ko biyu a yini, waɗannan sa-kai yana ɗaukar su, muddin an ba da horo na 'yan kwanaki, da kati, da alli, da wani jami'i da zai leƙo ko sau ɗaya a wata ya duba ya gyara. Riƙe aji daga safe zuwa azahar kuwa aikin albashi ne. Takardar ƙorafin kwamiti ita ma a sa mata wa'adin amsa daga ofishin sakataren ilimi, in ba haka ba mutane za su gaji da rubutawa.

Na biyu, kuma shi na fi ba wa ƙarfi, ya shafi ɗaukar aiki. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajistar malaman sa-kai: sunan mutum, makarantarsa, ranar da ya fara, da sa hannun hedimasta da shugaban kwamiti a ƙarshen kowane zango. Idan aka tashi ɗaukar malamai, wanda yake da NCE kuma ya ci jarrabawa, shekarun da ya yi a rajistar su ba shi fifiko, a kuma bar shi a garinsu. Wanda ba shi da NCE a ɗauki nauyin karatunsa da sharaɗin ya dawo. An taɓa gwada irin wannan ga 'yan matan karkara tun 2008 a ƙarƙashin shirin GEP, inda aka biya musu karatun NCE da yarjejeniyar su koyar shekara biyu a ƙauyukansu. Inda shirin ya yi tuntuɓe shi ne wasu sun gama sun daɗe suna jiran takardar kama aiki. Saboda haka a ware gurbin albashin a kasafin ƙaramar hukuma tun ranar da yarinyar ta shiga kwaleji, domin shekara uku bayan nan ta fito ta tarar da ajinta yana jiranta.